Katanga Mai Siffar Kaburbura: Tarihin Geton Yahudawa a Krakow

A kan titin Lwowska da ke unguwar Podgorze, a kudancin birnin Krakow na ƙasar Poland, akwai wani guntun katanga mai launin toka wanda tsawonsa bai wuce mita 12 ba, yana maƙale a tsakanin gidaje, ta yadda mai sauri zai iya wuce shi bai ɗaga kai ba. Abin da ke tsayar da wanda ya lura shi ne samanta, domin an yanka shi gida-gida, kowane gida da kai mai lanƙwasa, kamar an jera manyan alluna kafaɗa da kafaɗa. Wannan ita ce siffar dutsen da Yahudawan gabashin Turai suke kafawa a kan kabari, su rubuta sunan mamaci a jikinsa. Jamusawa ne suka sa aka gina katangar a haka a watan Afrilun 1941, kuma Yahudawan da za a kulle a bayanta su ne suka ɗauko tubalin suka ɗora. Ita da wani guntu na biyu da ke nesa kaɗan, su ne kawai suka rage daga katangar geton Krakow.

Kalmar geto ba baƙuwa ba ce a bakin matasanmu, waɗanda suke kiran duk wata unguwar talakawa mai cunkoso da ita, amma asalinta yana da nisa da wannan ma'ana. A 1516 hukumar birnin Venice na Italiya ta tilasta wa Yahudawan garin zama a wani ɗan tsibiri da a da maƙera suke narka ƙarfe a wurin, kuma mafi rinjayen ra'ayi shi ne daga sunan wannan maƙera kalmar ta fito. Ana kulle ƙofofin unguwar da dare a buɗe da safe, kuma Yahudawan ne suke biyan albashin masu gadin da ke tsare su. A 1555 Fafaroma Paul na Huɗu ya kafa irinta a birnin Rum. Waɗannan unguwanni wuraren ƙasƙanci ne da matsi, amma an haifi 'ya'ya da jikoki a cikinsu, an yi kasuwanci, an yi karatu, har sojojin Napoleon suka ɓalle ƙofofin na Venice a 1797. Abin da 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitler da ta mulki Jamus, suka kafa a Poland bayan ƙarni ɗaya da rabi ya ari tsohon suna ne kawai, aikinsa daban ne, kuma a Krakow ake ganin wannan bambanci ƙarara, saboda birnin ya ga iri biyun.

Katanga ta farko tana Kazimierz, garin da Sarki Casimir na Uku ya kafa a 1335 a gefen Krakow ya sa masa sunansa. Bayan wata gobara da ta ci wani ɓangare na Krakow a 1494, aka ɗora wa Yahudawa laifi, sai Sarki Jan Olbracht ya tashe su daga cikin birni a 1495, suka koma Kazimierz. A nan suka yi unguwarsu, kuma a tsakiyar ƙarni na 16 shugabanninsu da kansu suka nemi iznin zagaye ta da garu, domin ɗalibai da zaune-gari-banza sun saba afka musu. Wannan garu ya fi kusa da abin da Bahaushe ya sani a ganuwa, wato abin da ke tare na waje, ko da yake yana da nasa sharrin: jama'a suna ƙaruwa, fili bai ƙaru ba, kuma bayan faɗaɗawar da aka yi a 1608 hukumar gari ta riƙa ƙin ƙara musu ko taku ɗaya. Duk da haka, a cikin wannan ƙunci ne Kazimierz ta zama cibiyar ilimin addinin Yahudu a Turai. A nan malam Moses Isserles, wanda ya rasu a 1572, ya zauna ya karantar, kuma majami'ar da ke ɗauke da laƙabinsa, Remuh, tana nan ana ibada a cikinta har yau. An rushe garun Kazimierz a 1822, sannan a 1867 daular Ostiriya, wadda take mulkin yankin a lokacin, ta ba Yahudawa cikakken 'yancin ɗan ƙasa, suka bazu cikin birni a matsayin likitoci, lauyoyi, teloli da 'yan kasuwa. Zuwa 1939 sun kai kimanin 60,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Krakow.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kuskuren da baƙi da yawa suke yi. Mutum zai yi yawo a Kazimierz, ya ga tsofaffin majami'u da lungunan da suka sha shekaru, ya koma gida yana cewa ya ga geton 'yan Nazi. Fim ɗin da aka yi a 1993 a kan labarin Oskar Schindler, Bajamushen da ya ceci Yahudawa ta hanyar ɗaukarsu aiki a masana'antarsa, ya ƙara dagula lissafin, domin an ɗauki wasu sassan da ke nuna geton ne a lungunan Kazimierz. Geton yaƙi yana can ƙetaren kogin Vistula, a Podgorze, unguwar ma'aikata da masana'antu wadda ta kasance gari mai zaman kansa daga 1784 har zuwa 1915 da aka haɗe ta da Krakow. Yahudawan da aka kulle a can, an fitar da yawancinsu ne daga unguwar da kakanninsu suka zauna shekara fiye da 400.

Sojojin Jamus sun shiga Krakow ranar 6 ga Satumba, 1939, kwana biyar da fara Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Oktoba aka mai da birnin hedikwatar yankin Poland da Jamus ta mamaye ba tare da ta haɗe shi da ƙasarta ba, aka naɗa lauya Hans Frank babban gwamna, ya tare a fadar Wawel, gidan sarakunan Poland na da. Tun kafin a aza tubali ɗaya aka fara katange Yahudawa da dokoki. Daga 1 ga Disamba, 1939, dole Bayahude ya ɗaura farin ƙyalle mai shuɗiyar tauraruwa a damtsensa na dama. Aka rufe majami'u, aka ƙwace shaguna da masana'antu, aka ɗora aikin tilas, aka kuma kafa majalisar Yahudawa wadda aikinta shi ne isar da umarnin Jamusawa da tabbatar da an bi shi. Frank yana ganin abin kunya ne a ce hedikwatarsa cike take da Yahudawa, don haka a watan Mayun 1940 aka ba da umarnin su bar gari, aka sa 15 ga Agusta a matsayin wa'adin fita da girma da arziki. Bayan wa'adin sai kora da ƙarfi. Kafin Maris na 1941 an tarwatsa fiye da 40,000 zuwa ƙauyuka da ƙananan garuruwa, musamman yankin Lublin, aka bar kimanin 15,000 waɗanda aka ga ana bukatar hannunsu a wurin aiki, tare da iyalansu.

Ranar 3 ga Maris, 1941, gwamnan gundumar Krakow, Otto Wächter, ya sa hannu a kan dokar kafa abin da takardar ta kira unguwar zaman Yahudawa, yana kafa hujja da kiwon lafiya da tsaro, aka ba kowa zuwa 20 ga wata ya tare. Hotunan waɗannan kwanaki suna nan: jerin amalanke da keken doki a kan gadar Vistula, an ɗaure gadaje da katifu da kujeru, yara suna biye a ƙasa da ƙunshi a hannu. Su kuma 'yan Poland Kiristoci kimanin 3,000 da ke zaune a wurin aka tashe su, wasunsu suka koma gidajen da Yahudawa suka bari a Kazimierz. Wurin da mutum 3,000 suke zaune, shi aka cusa wa 15,000, a gidaje 320 masu ɗakuna 3,167, wato kusan mutum biyar a kowane ɗaki, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da iyali huɗu a gida ɗaya an raba su da labule ko da kabad.

Duk wanda ya dubi taswira zai gane dalilin zaɓen Podgorze. Kogi ya raba ta da tsakiyar birni inda jami'an Jamus suke zaune, a bayanta akwai tudun duwatsu mai gangare da ake kira Krzemionki wanda ya zama katanga ta Allah, masana'antun Zablocie da ke bukatar ma'aikata suna maƙwabtaka da ita, sannan tashar jirgin ƙasa ta Plaszow tana kusa, tafiyar ƙafa ce. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya bayyana amfaninsa bayan wata 14.

Katangar kanta ba ta zagaye unguwar duka ba. Inda bayan gida ya faɗo a kan iyaka, sai a toshe tagogi da ƙofofin da ke kallon waje da tubali, gidan ya zama katanga. Inda akwai fili ko bakin titi, nan aka gina mai siffar duwatsun kabari, tsayinta ya kusa mita 3. An bar ƙofofi huɗu, babbar tana wajen dandalin kasuwar Podgorze, da tauraruwar Yahudawa a samanta da rubutu cikin Yiddish, harshen Yahudawan gabashin Turai, kuma ana gadinsu ciki da waje: Jamusawa da 'yan sandan Poland daga waje, 'yan sandan Yahudawa daga ciki. Wani abu da ke da wuyar mantawa shi ne jirgin titi mai lantarki da ke jigilar mutanen gari ya ci gaba da ratsa tsakiyar geton ta titin Limanowskiego, ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan ba tare da ya tsaya ba. Ma'aikaci mai zuwa ofis da safe yana ganin abin da ke ciki ta tagar jirgi, da yamma kuma ya sake gani. Ba wanda zai ce an ɓoye wa birnin geton.

A ganina, tubalin shi ne ƙaramin ɓangare na abin da ya kulle mutanen nan. Mai ƙarfin hali zai iya haura mita 3, kuma dubban ma'aikata suna fita kullum zuwa masana'antu, wasu ma sukan zare ƙyallen damtse su saje da jama'a don neman burodi. Abin da ya sa fita ta zama banza shi ne dokar da Frank ya fitar ranar 15 ga Oktoba, 1941, wadda ta yanke hukuncin kisa a kan Bayahuden da ya bar unguwar ba da izni ba, da kuma duk wanda ya ba shi mafaka da saninsa. Daga ranar, ɗan Poland da ya buɗe wa maƙwabcinsa na da ƙofa ya san ransa ya ajiye a bakin ƙofar, wani lokaci har da na iyalinsa. A cikin watan ne kuma aka ƙaro wasu dubban Yahudawa daga garuruwan kewaye, cunkoso ya ƙaru a kan cunkoso.

Sai kuma takarda. A ƙarshen watan Mayun 1942 aka umarci kowa ya kawo katin shaidarsa wani gini da ke titin Jozefinska domin a duba. Wanda jami'in SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi, ya ga aikinsa yana da amfani sai ya buga masa hatimi, wanda bai gani ba sai ya ture katin, kuma sau da yawa hukuncin bai wuce ganin dama ba. Bayan 'yan kwanaki aka soke darajar hatimin, aka ce sai mai sabon kati shuɗi. Waɗanda ba su samu ba aka tara su a dandalin da ake kira Plac Zgody, wato Dandalin Jituwa, da harabar tsohuwar masana'antar cakulan ta Optima, aka kora su a ƙafa zuwa tashar Plaszow. An ce musu za a kai su gabas ne su yi aiki. Cikin kwana takwas na farkon Yuni an kwashi kimanin mutum 7,000 zuwa Belzec, sansanin da ba a gina shi don aiki ba, inda aka kashe fiye da mutum 430,000 da hayaƙin inji a cikin 1942 kaɗai. Shugaban majalisar Yahudawa na lokacin, Artur Rosenzweig, Jamusawa suka ga yana jan ƙafa wajen cika adadi, suka haɗa shi da iyalinsa cikin ayarin. Da mutane suka ragu sai aka rage filin, aka ja sabuwar iyaka da waya mai ƙaya, wani sashe na katangar da aka gina shekara guda baya ya koma wajen geton.

Da yawa daga cikin abin da aka sani game da yadda waɗannan ranaku suka kasance a dandalin ya fito ne daga tagar wani kantin magani. Tadeusz Pankiewicz, ɗan Poland Kirista, ya gaji kantin da ake kira Ƙarƙashin Gaggafa daga mahaifinsa, a kusurwar dandalin, kuma da aka ja iyakar geto sai kantin ya faɗo a ciki. An yi masa tayin wani kanti a cikin gari ya ƙi, ya shawo kan hukuma ta bar shi, ya zama shi kaɗai ne wanda ba Bayahude ba da ke kwana a unguwar. Shi da mata uku da ke aiki tare da shi suna da iznin shiga da fita, suka riƙa shigo da abinci da wasiƙu da labari. Magunguna biyu aka fi nema a wurinsa a ranakun tantancewa: maganin rina gashi, wanda dattawa suke ɓoye furfura da shi don a ɗauke su a matsayin masu sauran ƙarfin aiki, da maganin barci, wanda iyaye suke ba jarirai don kada su yi kuka a maɓoya ko a cikin jakar da aka goya su. A 1983 cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, ta karrama shi, kuma kantin gidan tarihi ne a yau.

Ranar 28 ga Oktoba, 1942, aka sake kwasar wasu dubbai zuwa Belzec, aka harbe kimanin 600 a cikin unguwar, har da marasa lafiya a kan gadajen asibiti. A ranar aka kwashe gidan marayu, kuma dattijon da ke kula da shi, Dawid Alter Kurzmann, ya bi yaran bai rabu da su ba. Matasa kuwa ba su zauna jiran layi ba. Ƙungiyoyin ɓoye da suka tashi daga cikin samarin unguwar, waɗanda Aharon Liebeskind da Heshek Bauminger suke cikin jagororinsu, sun lura cewa geton ya yi ƙanƙanta da a yi yaƙi a cikinsa, don haka suka kai faɗan waje. Daren 22 ga Disamba, 1942, suka jefa gurneti cikin gidan shan shayi na Cyganeria da ke tsakiyar birni, inda hafsoshin Jamus suke shaƙatawa, suka kashe da dama. Cikin 'yan kwanaki aka kama ko aka kashe yawancinsu.

A farkon watan Disambar nan an riga an raba geton gida biyu da waya: sashen A na masu aiki, sashen B na tsofaffi, yara da marasa aiki. Ranar 13 ga Maris, 1943, aka fitar da mutanen sashen A, aka kora su zuwa sansanin aikin tilas na Plaszow da Amon Göth yake shugabanta, aka hana su tafiya da ƙananan yara. Washegari aka afka wa sashen B. An kashe kimanin mutum 2,000 a tituna da tsakar gidaje, aka loda saura a motoci zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Kaɗan sun tsira ta magudanar ƙazanta da ke ƙarƙashin ƙasa wadda ke ɓullewa a bakin kogi. Daga ranar da aka rufe ƙofa zuwa ranar da aka share unguwar, shekara biyu ce ba 'yan kwanaki, abin da ya sa duk wanda ya ɗora wannan katanga a mizani ɗaya da garun Kazimierz, wanda ya rayu kusan shekara 270, bai yi wa tarihi adalci ba.

A Plaszow al'amarin dutsen kabari ya sake dawowa ta wata fuska. An gina sansanin ne a kan maƙabartun Yahudawa guda biyu, aka tumɓuke duwatsun kaburburan aka shimfiɗa su a matsayin daɓen hanya, fursunoni suna takawa. Daga cikin waɗanda suka tsira daga nan akwai kimanin 1,200 da Schindler, mai masana'antar kwanuka a titin Lipowa, ya sa a jerin ma'aikatansa ya kai su wata masana'anta a ƙasar Cek a 1944. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Krakow a Janairun 1945. An yi wa Göth shari'a a Krakow aka rataye shi ranar 13 ga Satumba, 1946, aka rataye Frank a Nuremberg bayan wata guda, amma Wächter, wanda sa hannunsa ya kafa geton, ya sulale ya ɓuya, ya mutu a birnin Rum a 1949 bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. 'Yan dubban da suka dawo ba su tarar da maraba ba: ranar 11 ga Agusta, 1945, wata tarzoma ta tashi a Kazimierz a kan ƙaryar cewa Yahudawa suna sace yaran Kiristoci, aka kashe wata mata, aka raunata wasu, kuma daga nan zuwa 1968 yawancinsu suka bar ƙasar. Da aka zo gyaran tsohuwar maƙabartar Remuh a ƙarshen shekarun 1950, aka tono ɗaruruwan duwatsun kabari, waɗanda suka farfashe ta yadda ba za a iya sake kafa su ba aka manna su a jikin bangon maƙabartar, guntu kusa da guntu, da ragowar sunaye a kansu.

Katangar Podgorze kuwa rushe ta aka yi a hankali, mutane suka koma gidajen, aka buɗe tagogin da aka toshe. An sauya wa Dandalin Jituwa suna zuwa Dandalin Jaruman Geto a 1948, amma ya yi shekaru yana tashar motocin haya, kuma sai a 1983, shekara 40 bayan share unguwar, aka kafa allo a jikin guntun titin Lwowska, cikin harshen Poland da Ibrananci, yana bayyana cewa a nan suka zauna, suka sha azaba, suka mutu a hannun Jamusawa, kuma daga nan suka kama hanyarsu ta ƙarshe zuwa sansanonin kisa. A 2005 aka jera kujerun ƙarfe 70 a dandalin, ba kowa a kansu, domin tuna kayan ɗakin da aka bari warwatse a wurin bayan an kwashe masu su. Kowace shekara a watan Maris ana yin tattaki daga dandalin zuwa filin Plaszow, tafiyar kimanin kilomita 4, kuma ayarin yakan tsaya a gaban katangar Lwowska. Guntu na biyu ba ya samun baƙi kamar wannan, domin sai an zaga bayan wata makaranta a titin Limanowskiego kafin a gan shi, a gindin dutsen Krzemionki, inda ya zama bangon filin wasan yara, da lilo da abin sulu a gabansa.